Ɗana zai tsallaka teku a cikin bas: wane irin ruwa ne tsakanin Jawa da Sumatara?

"Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce, ina zaune a Jekadafari cikin garin Gombe. Ɗana ya samu gurbin ƙaro karatu a Indonesiya, a wani gari da ake kira Bandar Lampung. Ya ce jirgin sama zai sauke shi a Jakarta, daga nan ya shiga bas, bas ɗin kuma ya shiga cikin jirgin ruwa su tsallaka teku. Tun da na ji haka barcina ya ragu. Wane irin ruwa ne wannan? Me ya hana su yi gada kamar ta Numan? Ƙanensa kuma ya nuna mini a waya cewa akwai dutse mai aman wuta a tsakiyar ruwan. In bar shi ya bi ta nan, ko in sayar da ɗan abin da nake da shi ya ƙara hawa jirgin sama?"

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa karatun albarka, ya kai shi lafiya, ya dawo miki da shi lafiya. Kin tambayi ruwan, kin tambayi gada, kin tambayi dutse, amma na ga damuwar ɗaya ce: shin hanyar da yaron zai bi hanya ce ta kowa da kowa, ko kasada ce? Ni malamin labarin ƙasa ne a nan Gombe, kuma na yi karatun digiri na biyu a tsibirin Jawa. Wannan ruwan da kike tambaya na tsallaka shi sau da dama, da rana da kuma da dare, don haka zan haɗa miki abin da ke cikin littafi da abin da idona ya gani.

Ruwan da kansa

Sunansa Mashigin Sunda. Idan ƙasa biyu suka matso kusa da juna suka bar siririn wurin da teku ke ratsawa, shi ake kira mashigi. Ki ɗauka lungu ne tsakanin manyan gidaje biyu. Gidan gabas shi ne tsibirin Jawa, inda Jakarta take. Gidan yamma shi ne tsibirin Sumatara, inda makarantar yaronki take, can a kudancinsa. Lungun yana da baki biyu: na arewa maso gabas yana buɗewa cikin Tekun Jawa, na kudu maso yamma kuma cikin babban Tekun Indiya.

A inda ya fi ƙunci faɗinsa kilomita 24 ne. Bai kai nisan Gombe zuwa Dadin Kowa ba. Idan gari ya washe, kana tsaye a gaɓar Jawa kana hango duwatsun Sumatara, kuma a duk tsawon tafiyar da rana ƙasa ba ta ɓace wa idonka. A tsakiyar wannan ƙuncin ma akwai wani ƙaramin tsibiri mai suna Sangiang. Wannan gefen na arewa ba shi da zurfi sosai, akwai wuraren da ba su wuce mita 20 ba, ga tudun yashi a ƙarƙashi, ga ruwan yana gudu da ƙarfi lokacin cikar teku da janyewarta, domin an matse ruwa mai yawa cikin siririyar hanya. Sai an gangara kudu ne mashigin ke buɗewa kamar bakin mazurari, zurfin kuma ya ƙaru ƙwarai.

Rashin zurfin nan yana da dalili. Dubban shekaru da suka wuce, lokacin da ƙanƙara ta rufe sassan duniya masu yawa, teku ta janye fiye da mita 100 daga inda take yau. A wancan zamanin Jawa da Sumatara da Borniyo duk ƙasa ɗaya ce haɗe da nahiyar Asiya, dabba na iya takawa daga nan zuwa can. Shi ya sa har yau ake samun karkanda a dajin Ujung Kulon da ke bakin wannan mashigi ta gefen Jawa, kuma nan kaɗai irinta ta rage a duniya.

Yadda bas ke shiga jirgi

Abin da ya tayar miki da hankali, wato bas cikin jirgi, ba baƙon abu ba ne ko a ƙasarmu. Duk wanda ya taɓa tsallaka Binuwai a Ibi ya ga yadda ake ɗora mota a kan jirgin fito. Bambancin shi ne girma. Jiragen da ke fito a Mashigin Sunda na ƙarfe ne, masu hawa-hawa kamar bene. Gaban jirgin ko bayansa yana da ƙatuwar ƙofa da ake saukewa ta kwanta a kan gaɓa ta zama gada, sai tirela da bas da ƙananan motoci da babura su yi ta shiga da ƙafafunsu. Ƙasa na manyan motoci ne, sama na mutane. Akwai kujeru, akwai masu sayar da abinci, akwai bayan gida, kuma duk jirgin da na taɓa shiga yana da ɗakin sallah.

Tafiyar yaronki kashi uku ce. Daga Jakarta zuwa tashar Merak, a ƙarshen Jawa ta yamma, kimanin kilomita 100 ne a kan babban titi da ake biyan kuɗi kafin a hau. Daga Merak zuwa tashar Bakauheni a Sumatara, ruwan bai kai kilomita 30 ba. Jirgin talakawa yakan ɗauki kamar awa biyu, wani lokaci fiye idan ya tarar da layi wajen tsayawa, akwai kuma mai sauri da ke yin awa ɗaya da 'yan mintoci. Daga Bakauheni zuwa Bandar Lampung kuma kimanin kilomita 90, a kan sabon titin da aka buɗe a 2019. Jiragen ba sa hutawa, dare da rana suke, wannan na fita wancan na shiga. Idan ya sayi tikitin bas daga Jakarta kai tsaye, kuɗin fito yana ciki, ba sai ya nemi wani tikiti ba.

Abin da ya sa wannan ɗan ruwa ya zama maƙogwaron ƙasar

A ƙidayar 2020, mutanen Indonesiya sun kai miliyan 270. Fiye da miliyan 150 daga cikinsu a Jawa kaɗai suke, wajen miliyan 58 kuma a Sumatara. Wato wannan lungu ya raba gidajen da suka fi kowane gida yawan mutane a ƙasar. Jawa ce mai masana'antu da cunkoson bakuna, Sumatara ce mai fili da gonaki da ma'adinai. Daren farko da na tsaya a Merak na kalli layin motocin, abin da ya zo mini a rai shi ne Tudun Hatsi ranar da ake lodin masara da wake zuwa Kudu. Daga Sumatara shanu ne, ayaba, abarba, rogo, kofi, kayan gwari. Daga Jawa kayan kanti ne, babura sababbi, kayan gini, tufafi. Idan iska ta hana jiragen tashi na kwana ɗaya, kasuwannin Jakarta kan ji a jikinsu, kamar yadda muke ji idan ruwa ya yanke hanya a damina.

Har wutar lantarki ta nan take bi. Ana haƙo kwal a Tanjung Enim da ke kudancin Sumatara, dogayen jiragen ƙasa su kwaso shi zuwa tashar Tarahan kusa da garin da yaronki zai zauna, daga nan a tsallakar da shi ta ruwa zuwa babbar tashar wuta ta Suralaya da ke gefen Merak. A wannan gefen ne kuma garin Cilegon yake, mai masana'antar ƙarfe da ta sinadarai.

Sai mutane. Tun 1905 Turawan Holan suka fara kwasar manoma daga Jawa suna zaunar da su a Lampung saboda ƙarancin gona, gwamnatocin bayan 'yanci kuma suka ci gaba da hakan. Yau yawancin mazauna Lampung asalinsu Jawawa ne. Ma'ana kusan kowane gida a can yana da dangi a ƙetare, kuma tsallaka ruwan a wurinsu zumunci ne kawai, da tsofaffi da jarirai da buhunan tsaraba.

Duk wannan masu tsallaka lungu ne daga ƙofa zuwa ƙofa. Akwai kuma masu bin lungun a tsaye, wato manyan jiragen duniya da ke fitowa daga Tekun Indiya su nufi Singafo ko Sin, ko su koma. Galibinsu Mashigin Malaka da ke tsakanin Sumatara da Malesiya suke bi domin ya fi kusa, mafi girma kuma da ba sa son rashin zurfi sukan zagaya ta Mashigin Lombok, can gabas da Jawa. Sunda ita ce ta tsakiya, hanyar da ake tunawa da ita duk lokacin da aka ce me zai faru idan Malaka ta toshe. To a nan haɗarin gaske yake ga matuƙi: jiragen fito suna yanke hanya daga gabas zuwa yamma, tankokin mai da jiragen kaya suna ratsawa daga kudu zuwa arewa, kamar mahaɗar da ba ta da danja. A watan Satumba na 2012 wani jirgin fito ya yi karo da tankar gas ya nutse, aka rasa rayuka. Tun 1 ga Yuli 2020 aka fara aiki da tsarin raba hannu a mashigin, wanda Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya ta amince da shi, kowane babban jirgi da layin da zai bi.

Bari in ɗan ratse zuwa tarihi, domin ya shafe mu fiye da yadda ake zato. A 1511 Turawan Fotugal suka ƙwace birnin Malaka, sai fataken Musulmi suka ƙaurace masa suka riƙa biyowa ta Sunda. Wannan ne ya ɗaga garin Banten da ke bakin mashigin, ya zama masarautar Musulunci mai arziki da cinikin masoro, wanda da yawansa daga gonakin Lampung ake tsallako da shi. A 1596 jiragen Holan na farko suka iso Banten, a 1619 suka kafa Batabiya, wadda ita ce Jakarta ta yau, kuma ta wannan mashigi jiragensu suka yi ɗaruruwan shekaru suna shiga da fita. Rinin zane na mutanen Jawa da suka gani a can shi suka koma suna kwaikwaya da inji, aka kawo shi kasuwannin Afirka ta Yamma. Atamfar Holan da kike ɗaurawa, Hajiya, kakarta 'yar Jawa ce. Shaihu Nawawi al-Bantani ma, wanda ya koyar a Masallacin Harami ya rasu a Makka a 1897, ɗan wannan gaɓar ne.

Me ya hana gada?

Ba rashin tunani ba ne. Tun shekarun 1960 ake maganarta, an yi zane, an yi bincike, an ce za ta dafa kan Sangiang ta yi kusan kilomita 30. Don ki gane girman abin, gadar Third Mainland ta Legas ba ta cika kilomita 12 ba, kuma a kan ruwa mai kwanciya take. Babbar gadar da Indonesiya ta buɗe a 2009 tsakanin Surabaya da tsibirin Madura kilomita biyar ce da 'yan kai. An ƙiyasta ta Sunda za ta ci fiye da dala biliyan 10.

Kuɗi kaɗai ba shi ne cikas ba. Gadar Numan ƙafafunta a ƙasa mai zama lafiya suke. Nan kuwa, can ƙarƙashin Tekun Indiya, wani ɓangaren ɓawon duniya yana kutsawa ƙarƙashin wani, 'yan santimita kaɗan kowace shekara. Wannan gogayya ce ke haifar da girgizar ƙasa da duwatsu masu aman wuta a duk tsawon Sumatara da Jawa, ita ce ta jawo bala'in girgizar ƙasa da igiyar ruwa na 2004 a Aceh, can arewacin Sumatara. Ga shi dole a bar wa manyan jirage hanya, don haka sai gadar ta yi tsawo sama sosai, tazarar da ke tsakanin ginshiƙanta ta yi faɗi ƙwarai, a wurin da iska ke kaɗawa kuma ruwa ke gudu. Ni ba injiniyan gada ba ne, ba zan ce miki ba za ta ginu ba. Japan, wadda ita ma ƙasar girgiza ce, ta haƙa ramin jirgin ƙasa na kusan kilomita 54 da ya haɗa tsibiran Honshu da Hokkaido, ta buɗe shi a 1988. Abin yana yiwuwa, tsadarsa ce ke ninkuwa.

A ƙarshen 2014 gwamnatin Joko Widodo, shugaban ƙasar na lokacin, ta ajiye shirin. Hujjarta ita ce ƙasa mai tsibirai dubbai ba za ta zuba dukiyarta wajen haɗa biyun da suka riga suka fi kowa ci gaba ba, gara a gyara tashoshi da jirage a shimfiɗa titi a cikin Sumatara. A ra'ayina sun yi daidai, ko da yake na san direban da ya kwana biyu a layi da lodin kayan gwari ba zai yarda da ni ba, kuma yana da gaskiyarsa.

Maganar dutsen

Ƙanen bai yi miki ƙarya ba, kuma ba zan rage miki komai ba. Sunan dutsen Krakatau. Ranar 27 ga Agusta 1883 ya fashe, fashewar da aka ji ƙararta a tsibirin Rodirigis mai nisan kusan kilomita 4,800. Yawancin dutsen ya rufta cikin teku, igiyar ruwa da ta kai mita 30 a wasu wurare ta share garuruwan gaɓa ta ɓangarorin biyu, har da Merak da Teluk Betung, wadda yanzu unguwa ce a Bandar Lampung. Mutum fiye da 36,000 suka rasu, kuma ruwan ne ya kashe mafi yawansu, ba wutar ba. A 1927 wani sabon dutse ya ɓullo daga ramin tsohon, suka sa masa suna Anak Krakatau, wato ɗan Krakatau.

A daren 22 ga Disamba 2018 gefen wannan ɗan ya zaftare cikin teku. Tsawonsa ya ragu daga mita 338 zuwa kimanin 110. Igiyar da ta taso ta afka wa gaɓar Banten da kudancin Lampung, mutum fiye da 400 suka rasu. Abin da ya fi ciwo shi ne ba a yi gargaɗi ba, domin na'urorin lokacin girgizar ƙasa suke jira, wannan kuwa zaftarewa ce. Wasu ƙauyukan da abin ya shafa na taɓa cin abinci a bakinsu. Ranar da na ji labarin ban iya shiga aji ba.

Amma ki lura da abu biyu. Dutsen ba a kan hanyar fito yake ba, yana can kudu maso yamma inda mashigin ya buɗe, tafiyar kilomita masu yawa. Na biyu, irin wannan igiya a bakin gaɓa take tashi ta yi ɓarna, inda ruwa ya ƙare ƙasa ta fara. Waɗanda ta ci a 2018 mutanen da ke gidaje da masaukai ne dab da ruwa. Don haka tambayar da ta fi ta awa biyun fito muhimmanci ita ce ina zai kwana shekara biyu ko huɗu. Manyan jami'o'in Bandar Lampung a tudu suke, nesa da baki. Ya nemi ɗaki kusa da makaranta. Idan abokai suka ja shi yawon bakin teku, ya fara duba sanarwar hukuma game da dutsen. In yana gaɓa ya ji ƙasa ta girgiza, ko ya ga ruwa ya janye baya ba zato, kada ya tsaya ɗaukar hoto, ya nufi tudu da gudu. Ranar da dutse zai sake motsi, wannan sanin Allah ne, masana suna sa ido ne kawai su ba da gargaɗi.

Shawarata

Kada ki sayar da komai saboda tsoron ruwan. Akwai jirgin sama daga Jakarta zuwa Bandar Lampung, bai kai awa ɗaya ba. Idan kuɗin yana cikin abin da aka ba shi, ya hau a zuwan farko, saboda gajiya da kaya da rashin jin yaren, ba don fito kasada ne ba. Ko ya hau jirgin sama yanzu, sai ya bi ruwan daga baya, domin ɗalibi ba ya rasa abin da zai kai shi Jakarta, kuma ofishin jakadancin Nijeriya a can yake. A tafiyar nan duka, ni abin da na fi sa wa ido shi ne titi da direban dare, kamar dai yadda nake yi tsakanin Gombe da Bauchi.

Ya zaɓi lokaci. Daga Disamba zuwa wajen Fabrairu iskar yamma ke kaɗawa da ruwan sama, igiya kan yi ƙarfi, wani lokaci a dakatar da fito na wasu awoyi. Idan aka dakatar ya yi haƙuri, kariya ce. Sai kuma makon ƙaramar Sallah. Mutanen Indonesiya suna da al'adar komawa garinsu a ƙarshen azumi, suna ce mata mudik, kuma miliyoyi ne ke tashi a lokaci ɗaya. Na taɓa yin gangancin tafiya saura kwana uku Sallah. Mun isa bakin tasha bayan isha'i, sai da muka yi sahur a cikin bas muna layi, ba mu shiga jirgi ba sai da rana ta fito. Ba wanda ya yi laifi, jama'a ce ta fi ƙarfin ƙofa. Ranar ce kuma na ga kirkin mutanen: wata tsohuwa da ke kujerar gefena ta raba shinkafarta biyu ta miƙo mini rabi, ba ta jin yarena, ni ma ba na jin Jawancin da take yi.

Idan bas ya shiga jirgi, ya sauka ya hau sama inda fasinjoji suke, kada ya zauna cikin mota ko da wasu sun zauna. Fasfo da waya da kuɗi su kasance a jikinsa. Da shigarsa ya duba inda aka ajiye rigunan ceto da kuma matakalar da ta fi kusa da shi, ya riƙe lambar bas ɗinsa da hawan da aka ajiye shi, domin motocin suna kama da juna. Idan yana da jiri, kada ya cika ciki kafin ya hau, ya riƙe 'yar citta a baki, ya zauna inda iska ke shigowa yana kallon nesa. Kuɗin tikiti da lokutan tashi suna canzawa, wannan ya tambayi ofishin baƙin ɗalibai na makarantarsa kafin ya bar gida, sau da yawa ma sukan turo mai tarbar sabon ɗalibi.

Ki sani kuma agogonsu yana gaban namu da awa shida. Idan ya shiga jirgi da sha biyun ranarsu, ke nan ƙarfe shida na safe ne, kina kan sallaya. Waya tana kamawa a mafi yawan hanyar tunda gaɓa ba ta da nisa. Ki ce masa ya kira ki daga saman jirgin, ya juya wayar ya nuna miki Jawa a bayansa da Sumatara a gabansa.